Hannun Daman Nababa

A Kukar Maiƙo, wani ƙauye da ke bayan Minjibir inda kowace gona take manne da 'yar'uwarta, babu wanda bai san hannun daman Nababa ba. Ba don hannun ya taɓa yin wani abin a-zo-a-gani ba, sai don mai shi ba ya barin a manta da shi. In ana hirar damina, sai ya sako zancen hannun. In ana kukan tsadar iri, hannun ne dai. Ko gidan gaisuwa aka je, kafin a shafa fatiha ta uku ya san yadda ya yi ya naɗe hannun riga. Har suna ya raɗa masa: Guduma.

"Da wannan," yakan ce, yana shafa damtsen kamar mai lallashin jinjiri, "na taɓa riƙe bijimi ta ƙaho a kasuwar Bagwai, na zaunar da shi daɓas."

"Bara ka ce mana maraƙi ne," in ji Iliyasu maƙeri, taubashinsa, wanda ba ya barin maganar Nababa ta faɗi ƙasa.

"To ai dabba girma take yi," in ji Nababa.

Wata Juma'a da rani, lokacin da kowa ke haramar kai taki gona, mai unguwa ya tsai da mutane bayan sallar la'asar. Ya ce wasu ɗaliban aikin lafiya daga birni za su zo Asabar ta sama, su auna ƙarfin hannuwan manoma, maza da mata, su ga irin bambancin da ke tsakanin dama da hagu. Ya nanata har sau biyu cewa ba gasa ba ce, babu kyauta, karatu ne kawai. Duk wannan bai shiga kunnen Nababa ba. Abin da ya ji shi ne za a auna ƙarfi a gaban jama'a, kuma a rubuta a littafi.

Ya miƙe tsam. "Alhamdu lillahi! Shekara nawa ina faɗa ana yi mini dariya? Yanzu na'ura za ta faɗa da bakinta."

"In kuma ta faɗi sunan wani fa?" Iliyasu ya tambaya.

"Sunan wa? Naka?" Nababa ya juya ga jama'a. "Mai unguwa, ka zama shaida. Liman, ka zama shaida. Duk wanda na'urar nan ta ce ya fi Guduma, namiji ko mace, yaro ko tsoho, ni Nababa zan kwashe takin gidansa in kai masa gona, har mangala ta ƙarshe."

"Nababa," in ji liman a hankali, "da ka rage faɗin alkawarin nan kaɗan."

"Allah gafarta malam, da ma ƙarawa zan yi."

Sai da ya kama hanyar gida, ya bi ta ƙofar maƙera, ya tuna yadda jijiyoyi ke tashi ruɗu-ruɗu a hannun Iliyasu in yana dukan garma. Nan ya ɗan tsaya yana duban Guduma. Amma Nababa ba mutum ba ne da tsoro ke daɗewa a jikinsa. Kafin ya kai zaure, dabara ta zo masa.

Ya tarar da matarsa Aina'u tana surfen gero. Ya ja kujera ya zauna kusa da turmi.

"Aina'u, kin taɓa ganin ban-ruwa a lambu?"

"Na taɓa."

"In hanyar ruwa biyu ce, aka toshe ɗaya, ina ruwan yake tafiya?"

"Ɗayar."

"Madalla. Ƙarfin ɗan Adam ma haka yake. Abin da na ci, rabi ya tafi dama, rabi ya tafi hagu. Hagu kuwa me yake tsinana mini? Asara kawai. Ba ni tsohon zaninki."

Aina'u ta tsai da taɓarya. "Baban Sadiya, me za ka yi da zanina?"

"Toshe hanya zan yi. Kwana bakwai."

Ta dube shi, ta dubi sama, ta shiga ɗaki ta ɗauko zanin. Shekara ashirin da zama da shi sun koya mata cewa gardama ba ta hana shi komai, sai dai ta ɓata mata aiki. Ta ɗaure masa hannun hagu a ƙirji tamau, ta ƙulle ta baya, ta koma kan surfenta.

Matsala ta farko ta zo tun kafin magariba, daga mazagin wando. Nababa ya gano cewa ƙulli ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Ya fito daga bayan gida yana riƙe da wando da Guduma, yana kiran Aina'u ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Maƙwabta suka ji.

Ta biyu ta zo a bakin masallaci. Liman ya gan shi yana kokawa da buta, ya ce, "Hannun nan lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau. Hutu na ba shi."

"To kwance shi ka yi alwala yadda aka koya maka."

Dole ya kwance. Tun daga nan, sau biyar a rana, da an sallame sai ka ga Nababa ya zabura ya nufi gida da sassarfa, hannun hagu a manne da ciki, yana faɗin, "A ba ni hanya, zurarewa yake yi!"

Washegari labari ya zaga gari cewa Nababa ya faɗo daga kan rumbu ya karye. Mata suka fara shigowa dubiya, wannan da kunu, waccan da fura. Nababa ya bari sai da ya shanye kwano uku kafin ya fara bayanin hanyar ruwa. Yana cikin bayanin, sai ga Malam Abdulmumini maɗori ya yi sallama, riƙe da kararen ɗori da tsumma. Tsohon ba ya ji sosai, kuma ya saba da masu karaya da ke rantsuwa lafiyarsu ƙalau.

"Malam, ban karye ba!"

"Haka kowa yake cewa. Ku danne mini shi."

Iliyasu, wanda shi ne ya je ya kira maɗorin, ya danne shi da murna. Malam Abdulmumini ya kwance zanin, ya ja hannun, ya murɗa, ya matsa daga kafaɗa har yatsu, Nababa yana ihu yana kiran sunan mai unguwa. Can tsohon ya saki, ya karkaɗe rigarsa.

"Ƙashi lafiya lau," ya ce. "In akwai karaya, ba a nan take ba." Ya nuna kan Nababa da kara, ya yi waje.

Ranar Litinin Nababa ya ce lokacin motsa Guduma ya yi. Ya tafi rijiyar bakin gari ya karɓi guga daga hannun mata, ya ce su huta su ga aiki. Ya zura, guga ta cika, ya ja kamu ɗaya. Sai ya tsaya: babu hannun da zai riƙe igiyar kafin ya sake kamu. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya kai igiyar baki ya datse da haƙori. Haka ya ci gaba, ja da hannu, riƙo da baki, har guga ta kusa fitowa. A nan wata tsohuwa da ke wucewa ta ce, "Sannu da aiki, Nababa."

"Yauwa," in ji Nababa.

Igiya da guga suka koma ƙasa gaba ɗaya, tsulum. Sai da aka aro ƙugiya daga unguwa ta gaba, aka ɓata rabin hantsi ana lalube, mata suna tsaye da tulu suna faɗa masa maganganun da ba ya so a maimaita.

Ranar Talata ya ɗauki dutsen niƙan Aina'u, ɗan saman, ya rinƙa ɗagawa yana saukewa yana ƙirgawa da ƙarfi don a ji a maƙwabta. A na goma sha tara dutsen ya suɓuce, ya yi tsalle ya sami randar ruwa a ciki. Randa ta dare biyu, tsakar gida ta zama tafki, agwagi suka shigo daga waje suna murna.

"Kin gani?" ya ce wa Aina'u, yana haki. "Ƙarfin ya fara yi wa hannun yawa."

"Na gani," in ji ta. "Randar aurena ce."

Zuwa Laraba Guduma ya yi tsami, ko lomar tuwo da ƙyar yake kai wa baki. Nababa ya ce ƙarfi ne ke neman wurin zama. Ranar Alhamis ya tafi gindin mangwaron da ke bayan makarantar firamare, ya yi tsalle ya kama reshe da hannu ɗaya, zai ja jikinsa sama. Bai lura da sheƙar rina da ke maƙale a ƙarƙashin reshen ba, sai da ya damƙe ta tare da reshen.

Waɗanda ke gonakin kusa sun ce ba su taɓa sanin mutum mai hannu ɗaya yana iya irin wannan gudun ba. Ya tsallake shingen Iliyasu, ya ratsa ta cikin awaki, ya faɗa gida yana kaɗa hannu. Kafin la'asar Guduma ya kumbura suntum, yatsun sun zama kamar rogo, fatar tana sheƙi.

Aina'u ta kawo jar kanwa za ta shafa masa. Ya janye hannun. Ya ɗaga shi yana juyawa a rana, hawaye na zuba daga idonsa saboda zogi, amma bakinsa har kunne.

"Kada ki taɓa! Dubi girmansa. Ya iso, Aina'u. Duk ya taru."

"Harbin rina ne, Baban Sadiya."

"Rina hanya kawai ta buɗe masa."

Asabar da hantsi gari ya taru a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar mai unguwa, maza a gefe, mata a gefe. Ɗalibai uku suka zo a motar haya, shugabarsu wata budurwa mai farin gilashi, Ummu Salma. Suka ajiye tebur da kujera, ta fito da na'urar: wani ɗan ƙarfe mai mariƙi, da fuska irin ta agogo, da tsinke a ciki. Ta yi bayani cewa mutum zai zauna, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya matse iya ƙarfinsa, dama sau uku, hagu sau uku, a rubuta mafi yawa.

Nababa ya ɗan ji haushin ƙanƙantar abin. Ya ce a bar shi sai ƙarshe, kada ya lalata na'urar kafin sauran su samu.

Aka fara. Mai unguwa ya matsa, talatin da shida. Liman, talatin da ɗaya. Iliyasu ya zauna ya matsa ko fuska bai yamutsa ba: hamsin da biyu a dama, arba'in da shida a hagu. Mata suka shiga layi suna rufe baki da mayafi suna dariya. Aina'u ta matsa, talatin da huɗu, ta tashi ta gyara goyon jikarta kamar ba ta yi komai ba. Nababa yana gefe yana murmushi yana gyaɗa kai, kamar malami mai kallon yara suna karatun farko.

Da aka kira shi, ya taso a hankali, hagu a ɗaure, Guduma a sama. Ummu Salma ta dubi hannun, ta cire gilashi, ta sake duba.

"Baba, me ya sami hannunka?"

"Shiri."

"Wannan kumburi ne. Bai kamata ka matsa komai da shi ba. Ka bari ya saɓe."

"Kun ji ko?" Nababa ya juya ga jama'a. "Tun ba a fara ba tana jin tsoron kayanta. Malama, in ya fashe ni zan ba da haƙuri. Miƙo."

Ta dubi mai unguwa, mai unguwa ya ɗaga kafaɗa. Ta miƙa. Da ƙyar yatsun suka zagaye mariƙin. Nababa ya ja numfashi, ya rufe ido, ya yi wani nishi da ya sa kajin mai unguwa suka watse. Jijiyar wuyansa ta tashi, hularsa ta faɗi. Tsinken ya ɗan motsa, kamar wanda aka tasa daga barci, ya tsaya.

"Goma sha tara," in ji Ummu Salma.



"Ɗari da goma sha tara," Nababa ya gyara mata.

"Goma sha tara, Baba."

"Tsinken ya zagaya ne ya dawo. Da idona na gani."

"Idonka a rufe yake," in ji Iliyasu.

Ya sake matsawa: goma sha bakwai. Na uku, goma sha huɗu, da ƙara mai kama da kukan akuya. Ya ce na'urar ta gaji, mutum hamsin sun murƙushe ta. Iliyasu ya karɓa ya matsa da yatsu huɗu, tsinke ya haura arba'in, ya mayar masa.

"Saura hagu," in ji Ummu Salma, tana ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Babu komai a ciki. Kwana bakwai a toshe yake."

"Duk da haka sai mun rubuta."

Aina'u ta zo ta kwance zaninta, ta ninke, ta saɓa a kafaɗa. Hannun ya sauko a sanyaye kamar ba nasa ba. Nababa ya karɓi na'urar da shi a wulaƙance, yana kallon wani wuri, ya matsa don a rabu da shi. Tsinke ya yi tsalle.

"Arba'in da bakwai."

Aka ɗauki salati. Nababa ya dubi hannun kamar baƙon da ya tarar a ɗakinsa.

"Baba, da wane hannu kake riƙe lauje?" Ummu Salma ta tambaya. "Yawanci hannun da mutum ya fi aiki da shi yakan ɗara ɗayan. Anya kai ba bahago ba ne?"

"Ni? Bahago? Malama, ki iya bakinki. Kaf zuriyarmu—"

"Bahago na haife shi."

Muryar daga cikin mata ta fito. Inna Fadima ce, mahaifiyar Nababa, tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Inna!"

"Ƙarya na yi? Da hagu ka fara kai tuwo baki. Wata shida ina ɗaure maka shi da ɗankwali in za a ci abinci, kafin ka koyi ci da dama. Ci da gaisuwa kawai ka koya. Lauje da hagu, gatari da hagu, jifan kadangare da hagu. Ni da na ga an sake ɗaure shi, na ɗauka tuwon ne ya koma ci da shi."

Dariya ta ɓarke har ɗaliban. Wani ya ce shi ya sa in ana yankan ciyawa kowa ke gudun tsayawa a hagunsa. Wani ya ce shi ya sa laujen Nababa kullum a karkace yake cinyewa. Iliyasu ya ce shekara goma sha biyar yana ƙera masa lauje na bahago, shi kuwa Nababa bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ba ya iya aiki da na kowa ba.

Nababa ya yi ta maza. "To, ai magana ta ƙare. Arba'in da bakwai. Iliyasu kaɗai ya fi ni. Takin gida ɗaya, ba komai ba ne."

"A'a," in ji liman. "Ni ka sa shaida. Ba ka ce wanda ya fi ka ba. Cewa ka yi wanda ya fi Guduma."

Mai unguwa ya roƙi Ummu Salma ta duba littafinta, ta faɗi mutum nawa ne suka wuce goma sha tara. Ta bi da biro tana ƙirgawa.

"Duka," ta ce. "Mutum hamsin da uku. Saura mutum ɗaya da ba a auna ba."

Kowa ya juya ga Inna Fadima.

"Inna ba ta da lafiyar hannu," in ji Nababa da sauri. "Inna, zauna abinki, kada ki wahalar da kanki."

Tsohuwar ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta miƙe da ƙyar, ta dogara sanda har gaban tebur. Ta juya na'urar tana dubawa, ta tambaya ko nan ake kamawa. Ta matsa, tana tauna goronta.

Ummu Salma ta duba, ta rufe fuska da littafi. "Ashirin."

Abin da ya biyo baya, har a gonakin hanyar Minjibir an ji shi. Mata suka rangaɗa guɗa. Iliyasu ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki. Nababa ya tsaya a tsakiya, hannu ɗaya kamar tulu, ɗaya kamar igiya, ya dubi uwarsa, ya dubi tsinken. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, shi ma dariyar ta ƙwace masa.

"Kwana bakwai," ya ce, yana share ido da hagu. "Na fasa randa, na jefa guga, na sha murɗa, na sha rina, don in zo na ƙarshe a garinmu. Ko kwanciya na yi na fi haka."

Mai unguwa ya tausaya masa, ya ce mata da miji gida ɗaya ne, 'ya'ya da uba juji ɗaya ne. Aka tattara aka harhaɗa, gida hamsin da huɗu ya dawo ashirin da shida. Kafin ɗaliban su tafi, Nababa ya matsa kusa da tebur ya roƙi Ummu Salma a ɓoye ta rubuta arba'in da bakwai ɗin da manyan baƙi. Ta ba shi haƙuri, ta ce mai kumburi ba ya shiga lissafin karatunsu. Tuni ta ja layi a kan sunansa. Ta ba shi shawarar ya je asibiti a duba hannun.

Sati uku ya yi yana jigilar taki da jakinsa, daga juji zuwa gona, daga gona zuwa juji, kumburin ya saɓe, ƙarnin taki ya kama rigarsa. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tambaya, "Gida na nawa?" Shi kuma ya faɗa ba tare da ya tsaya ba.

Wata rana da azahar, wani baƙo mai tallan gishiri a kan keke ya tarar da shi yana juye mangala a gonar liman. Suka gaisa. Baƙon ya ce tun safe yake ganinsa a gonaki daban-daban, ko duk nasa ne?

Nababa ya buɗe baki, ƙirjinsa ya fara tasowa. Sai ya dubi jakin, jakin ya dube shi. Ya sauke numfashi.

"Ko ɗaya ba tawa ba ce. Cika baki na yi, aka kawo na'ura daga birni, gari duka ya kayar da ni. Ta ƙarshe tsohuwa ce mai shekara saba'in da biyar, da sanda take tafiya, goro ma a bakinta."

"Subhanallahi," in ji baƙon. "Tsohuwa?"

"Tsohuwa." Nababa ya karkaɗe mangalar, ya ɗora wa jaki, ya gyara hula. "Amma fa ka sani, ita ta haife ni. Kai dai ka duba irin gidan da na fito."